Kumfar da ta rufe kogi, da rariyar da ta kawar da ita

Wurin, kafin 1950

Kogin Ruhr yana yammacin Jamus. Tsawonsa bai kai kilomita 250 ba daga tsaunukan da yake fitowa zuwa inda yake zuba a kogin Rhine. A gefensa ne ramukan kwal da masana'antun ƙarfe mafi girma na ƙasar suka taru, kuma ruwansa miliyoyin mutanen yankin suke sha. Ana tura ruwan cikin manyan ramuka da aka shimfiɗa wa yashi, ya nutse ƙasa, sannan a janyo shi daga rijiyoyin da ke kusa. Garin da ke sama ya sha, ya yi wanka da wanki, ruwan da ya ɓata ya bi ta tashar tace dagwalo ya koma kogi, garin da ke ƙasa ya sake ɗiba.

Tun 1913 doka ta kafa hukuma ta musamman don kula da tsabtar kogin. An gina madatsun ruwa a sama domin a riƙa sako ruwa lokacin fari, an yi tafkuna a tsakiyar kogin domin datti ya kwanta, an gina tashoshin tace dagwalo da yawa. A irin waɗannan tashoshi ƙwayoyin bakteriya ne ke yin babban aikin. Ana hura iska cikin tankuna, bakteriya su cinye ƙazantar da ke ruwan, a bar su su kwanta a ƙasa, a saki ruwan sama.

Sabulu bai taɓa zama matsala ga wannan tsari ba. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai da wutsiya: kan yana son ruwa, wutsiyar tana son maiƙo, da haka take ɗauke datti daga tufa. Wutsiyar sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon. A sabulun da aka yi da kitse ko man tsirrai, sarƙar miƙaƙƙiya ce, kuma bakteriya sun saba cin irinta tun da aka halicce su.

1950 zuwa 1958: omo ya shiga gidaje

Bayan yaƙin duniya na biyu kitse ya yi tsada, man fetur kuwa ya wadata. Matatun mai suna fitar da wata iska mai suna furofilin, mai kabon uku, da yawa kuma da araha. Masana sinadarai suka riƙa haɗa ƙwayoyinta huɗu su sami wutsiya mai kabon 12, su liƙa mata zoben sinadarin benzin, su sa mata kai da asid ɗin farar wuta, irin na batirin mota. Abin da aka samu shi ake kira TPS a Jamus. Ya fi sabulu wanki a ruwan zartsi, ba ya barin farin dusa a jikin tufa, yana kumfa sosai, ga shi da sauƙin kuɗi. Cikin 'yan shekaru ya zama ginshiƙin mafi yawan garin omo da ruwan wanke-wanke a yammacin Turai da Amurka. A Amurka, cinikin irin waɗannan kayan ya wuce na sabulu a 1953. A Jamus ta Yamma tattalin arziki yana bunƙasa, injin wanki yana shiga gidaje, abin da ake zubarwa a magudanai yana ƙaruwa kowace shekara.

Aibin TPS a siffarsa yake. Duk inda furofilin ɗaya ya haɗu da wani, yana barin ɗan reshe a gefe, saboda haka wutsiyar ta cika da rassa. Bakteriya kuwa daga ƙarshen sarƙa suke farawa, suna gutsurar kabon biyu-biyu har su isa zoben. Idan suka tarar da reshe, musamman kabon da wasu kabon huɗu suka kewaye, sai aikin ya tsaya. Tashoshin tace dagwalo suna iya rage ƙaramin kaso kawai, sauran ya fita da ƙarfinsa na kumfa. Kuma ba ya buƙatar yawa: wajen miligiram ɗaya a lita ya isa ruwa ya yi kumfa idan an kaɗa shi.

A waɗannan shekarun an fara ganin kumfa a kan tankunan da ake hura wa iska. An ɗauke ta a matsayin wahalar ma'aikatan tasha, ba a kai ta gaba ba.

1959: shekarar fari

Bazarar 1959 ta zo da zafi da fari mai tsawo a tsakiyar Turai. Ruwan kogin ya ja baya ƙwarai, madatsun sama suka yi ƙasa, dagwalon da ke shiga kuwa bai ragu ba. Kaso mai yawa na abin da ke gudana a kogin ya zama ruwan da ya riga ya bi ta gidajen mutane. Duk inda ruwa ke faɗowa daga shinge, ko ake kaɗa shi a ƙofofin ɗaga jiragen ruwa, kumfa ta riƙa taruwa tana tudu, a wasu wuraren har ta fi tsayin mutum. Jaridun ƙasar suka cika da hotunan abin da suka kira duwatsun kumfa, a wannan kogin da wasu koguna.

Ɓarnar ta wuce ta ido. Kumfar dagwalo tana ɗauke da maiƙo da ƙwayoyin cuta, iska tana kwasarta zuwa hanyoyi da gidajen da ke kusa. Tana sa santsi a inda ma'aikata ke takawa a bakin tankuna masu zurfi. Sinadarin yana rage shigar iskar shaƙa cikin ruwa, a tanki da a kogi, wato yana raunana bakteriyan da aka dogara da su. Abin da ya fi tayar da hankalin hukumomin ruwa shi ne yashin da ake tace ruwan sha da shi bai iya tare TPS sosai, don haka ya fara bayyana a awon ruwan famfo.

1959 zuwa 1961: abin da aka gwada a bakin ruwa

Matakan farko duk a tashoshi aka ɗauke su. An kafa bututu masu fesa ruwa a kan tankuna domin su karya kumfa. An zuba mai na kashe kumfa. An ƙara yawan lakar bakteriya a tankuna, domin an lura tanki mai laka da yawa ba ya kumfa kamar mai ƙarancinta. Waɗannan sun sauƙaƙa aiki a cikin tasha, amma awon TPS a ruwan da ke fita bai sauya sosai ba, kumfar tana sake tashi a shingen da ke gaba. An san gawayin tace ruwa yana kama sinadarin, sai dai kuɗin yin haka ga dukan dagwalon birane ya fi ƙarfin kowace hukuma. Sako ruwa daga madatsu yana tsarma shi, amma a shekarar fari ruwan ne babu.

A lokacin wani gwaji yana gudana a Ingila. Tun 1958 aka fara sayar wa mutanen garin Luton da kewaye omo da aka yi da wutsiya mai ƙarancin rassa, ana auna abin da ke fita daga tashar dagwalon garin. An ga ragi, ko da yake bai kai yadda ake so ba, saboda sabon sinadarin ma yana da sauran rassa kuma tsohon bai daina shigowa kasuwar garin gaba ɗaya ba. Duk da haka gwajin ya nuna inda maganin yake: gwargwadon miƙewar wutsiya, gwargwadon abin da bakteriya za su ci.

1961 zuwa 1962: doka

A ranar 5 ga Satumba 1961 Jamus ta Yamma ta kafa dokar sinadaran wanki. Ƙa'idar aiwatarwa ta fito ranar 1 ga Disamba 1962, ta ce daga 1 ga Oktoba 1964 ba za a sayar da kayan wanki ba sai aƙalla kashi 80 cikin 100 na irin wannan sinadarin da ke cikinsu yana ruɓewa. Ƙa'idar ta zo da hanyar awo. Ana kafa ƙaramar tashar dagwalo ta gilashi a ɗakin gwaji, a ciyar da bakteriyanta da ruwan datti na haɗi da aka sa wa sinadarin, a riƙa auna abin da ya shiga da abin da ya fita da wani shuɗin rini da ke manne wa sinadarin.

Dokar ba ta ce a yi amfani da wane sinadari ba, ba ta kuma faɗi inda za a samo shi ba. Ta bai wa kamfanoni wata 22 daga fitowar ƙa'idar. Abin da suke buƙata a fili yake: miƙaƙƙiyar sarƙa mai kabon 10 zuwa 14, tan dubbai, a farashin da ba zai ninka kuɗin omo ba.

1962 zuwa 1964: neman miƙaƙƙiyar sarƙa

Man kwakwa da man ƙwarar manja suna da irin sarƙar, amma daga ƙetare ake shigo da su, farashinsu yana hawa da sauka, kuma tsadar kitse ce ta kori mutane daga sabulu tun farko. Karl Ziegler, wanda cibiyar bincikensa ke bakin wannan kogin kuma ya sami lambar Nobel a 1963, ya riga ya gano hanyar gina miƙaƙƙiyar sarƙa daga iskar etilin. An kafa masana'antu a kan hanyarsa, sai dai kayan suna da tsada. Fasa kakin fetur da zafi yana ba da sarƙoƙi, amma masu tsawo iri-iri, da gaurayen da ba a so.

Wuri mafi araha shi ne kananzir. Miƙaƙƙun farafin (farafin shi ne sunan sarƙoƙin kabon da ke cikin man fetur) masu daidai tsawon da ake nema suna cikinsa, galibi wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu, gwargwadon irin ɗanyen man. Wahalar ita ce fitar da su.

Matatar mai da tafasa take rarrabe kaya. Ana dafa gauraye a doguwar hasumiya, mai saurin tafasa ya hau sama, mai nauyi ya zauna ƙasa. Wannan yana raba kananzir da fetur da man gas ba tare da wahala ba, amma a cikin kananzir kansa ba ya iya bambanta siffa. Miƙaƙƙen farafin mai kabon 10 yana tafasa a digiri 174 na ma'aunin Salshiyos, mai 11 a 196, mai 12 a 216, mai 13 a 235. A tsakanin waɗannan lambobi akwai ɗaruruwan 'yan uwansu. Farafin mai kabon 12 kaɗai yana iya ɗaukar siffa 355, ɗaya ce tak miƙaƙƙiya, kuma rassa suna saukar da zafin tafasa, ta yadda mai kabon 12 da rassa zai tafasa daf da miƙaƙƙe mai 11. Ga kuma masu siffar zobe a ko'ina a tsakani. Ko an ƙara wa hasumiya tsawo, an ƙona makamashi ninki-ninki, gauraye za a kwasa.

Hanya ta gaba a Jamus aka gano ta. A 1940 Friedrich Bengen, yana binciken maiƙon madara, ya lura cewa yuriya, wannan dai ta takin zamani, idan tana daskarewa tare da miƙaƙƙiyar sarƙa, takan gina ƙananan bututu ta kulle sarƙar a ciki, ta bar masu rassa a waje. Tun tsakiyar shekarun 1950 akwai masana'antar da ke aiki da wannan dabara a arewacin ƙasar. Ta yi aiki, kuma ta ba da gudummawa a shekarun farko. Amma aiki ne mai matakai da yawa: a narkar da yuriya, a gauraya, a tace ƙanƙarar, a wanke, a fasa ta da ruwan zafi, a sake busar da yuriyar. Sarrafa tan-tan na dusa mai laima a kullum yana cin kuɗi da hannu. Kuma dabarar ta fi riƙe dogayen sarƙoƙi, gajeru irin na omo ba sa zama daram a cikin bututun.

Ziyolait: daga ɗakin gwaji zuwa matata

Ziyolait wani ma'adini ne na silikon da alminiyam da iskar shaƙa, wanda ginin cikinsa ɗakuna ne da ƙofofi, duk girmansu ɗaya, a jere ba kuskure. A shekarun 1940 Richard Barrer a Ingila ya nuna cewa wani nau'insa na dutse yana haɗiye miƙaƙƙun farafin ya ƙi masu rassa. Amma na dutse ba shi da yawa kuma ba ya zuwa da tsabta ɗaya. Daga 1949 Robert Milton, daga baya tare da Donald Breck, a kamfanin Union Carbide na Amurka, suka gano yadda ake dafa ziyolait a masana'anta da zafi maras yawa. Wanda suka kira nau'in A ya shiga kasuwa a 1954.

Ƙofar nau'in A idan yana ɗauke da sodiyam ta yi wa farafin ƙanƙanta, domin ƙwayoyin sodiyam suna zaune a bakinta. Idan aka musanya su da kalsiyam, ƙwaya ɗaya tana maye gurbin biyu, ƙofofi da yawa su buɗe. Faɗin ƙofar ya zama wajen angistirom biyar, wato milimita ɗaya a raba ta gida miliyan biyu, shi ya sa ake kiran wannan nau'in 5A. Miƙaƙƙiyar sarƙa, kome tsawonta, kaurinta bai kai haka ba, sai ta zura kai ta shige. Reshe ɗaya tak ya isa ya hana ƙwaya shiga, zobe kuwa ba a maganarsa. Masu aikin suna ce masa rariyar ƙwayoyi, sai dai ta saɓa wa rariyar tankaɗe a abu ɗaya: a tankaɗe abin da ya wuce ƙofa ƙasa yake zuba, a nan kuwa abin da ya wuce ƙofa a ciki yake maƙalewa, tsakin ne ke wucewa ta gefe. Cikin giram ɗaya na wannan hoda akwai bango da ya kai ɗaruruwan murabba'in mita.

A 1959 Union Carbide ya fito da tsarin IsoSiv, da farko don sassan fetur masu sauƙi, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa kananzir. Wasu manyan kamfanonin mai suka gina nasu. A yawancinsu ana mayar da kananzir tururi da zafi mai yawa, a tura shi cikin tanki cike da ƙwallayen ziyolait har su ƙoshi, a rufe, a juya zuwa wani tankin, a fitar da abin da na farkon ya kama ta hanyar rage matsi ko tura wata iska. Sun samar da farafin mai kyau. Lahaninsu shi ne zafin yana ƙona wani ɓangare na man a cikin ƙofofin, baƙin gawayi ya toshe su, dole a riƙa tsayawa ana ƙone shi. Kuma a tankin da ake cikawa a sauke, wani sashe na ziyolait ne kawai ke aiki a kowane lokaci.

Injiniyoyi sun san mafita a takarda: ziyolait ya riƙa tafiya ƙasa, mai yana tafiya sama, ba tsayawa. An taɓa gwada irin haka da gawayi a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, don ware iskar etilin. Ƙwayoyin gawayin suka riƙa gogar juna suna zama gari, aka yi watsi da tsarin. Ziyolait ya fi gawayi tsada nesa ba kusa ba, ba wanda zai yarda ya niƙe shi.

1961 zuwa 1968: gadon da ba ya motsi

A 1961 Donald Broughton da Clarence Gerhold na kamfanin UOP a Amurka suka sami haƙƙin mallakar wata dabara: a bar ziyolait a wurinsa, a riƙa matsar da bakin bututu. Ana raba hasumiya gida-gida, kowane gida da shimfiɗarsa ta ziyolait da bututunsa da ke zuwa wani babban bawul mai juyawa. Famfo yana zagaya da ruwan man cikin gidajen ba tsayawa. A kowane lokaci bututu huɗu ne ke aiki: ɗaya na shigar kananzir, ɗaya na shigar sinadarin kora, wanda ke fitar da abin da ziyolait ya kama, ɗaya na fitar abin da aka kama, ɗaya na fitar ragowar. Duk bayan ɗan lokaci da aka ƙayyade sai bawul ya juya taki ɗaya, bututun huɗu su matsa gida na gaba, ta ɓangaren da man ke gudana. A wurin man, daidai yake da a ce ziyolait ne ya ja baya taki ɗaya. Ta haka kananzir da aka kusa gama tsotsewa yana haɗuwa da ziyolait mafi yunwa, kuma babu gidan da ke zaman banza.

Tsarin da aka gina a kan wannan dabara don kananzir sunansa Molex, ya fara aiki a masana'anta a 1964. Man yana zama ruwa, a zafi wajen digiri 180, don haka ba a cika samun toshewa da gawayi ba kuma ziyolait yana shekaru yana aiki. Sinadarin kora gauraye ne na abu biyu. Ɗaya gajeren miƙaƙƙen farafin ne mai kabon biyar, wanda ke shiga ɗakunan ya turo dogayen waje. Ɗayan mai rassa ne mai kabon takwas, ba ya iya shiga, aikinsa wanke kananzir da ya maƙale a tsakanin ƙwallaye kada ya gurɓata abin da aka kama.

Tafasa ba ta fita daga aikin ba, domin dole a raba farafin da sinadarin korar. Amma mai kabon biyar yana tafasa a digiri 36, mai kabon takwas ɗin a 99, farafin da ake nema kuwa daga 174 yake farawa. Tazarar tana da faɗi, hasumiya ta yau da kullum ta isa, kuma sinadarin korar yana komawa aiki. Farafin yana fita da tsabtar kashi 98 cikin 100 ko fiye, kuma ana samun fiye da kashi 90 na wanda ke cikin kananzir ɗin. Ragowar ma ba asara ba ce. Miƙaƙƙun farafin su ne masu saurin daskarewa a sanyi, mai kabon 12 yana daskarewa a wajen digiri 10 ƙasa da sifili, alhali man jirgin sama ana so ya jure har 47 ƙasa da sifili. Kananzir da aka cire masa su ya fi dacewa da jirgi.

Tsarin yana da sharaɗi. Farar wuta da wasu gurɓatattun sinadarai suna lalata ziyolait, dole a fara wanke kananzir da iskar haidirojin kafin ya shiga. Sannan farafin kansa ba ya haɗuwa da benzin sai an buɗe masa hannu. A shekarun farko da kulorin ake yi. A 1968 tsarin Pacol ya zo, wanda ke cire haidirojin da taimakon filatinam. A kowane zagaye kaɗan ne ke juyawa, fiye da kashi ɗaya cikin goma da ɗan kaɗan, sauran ya sake zagayowa. Wannan ya ƙara wa tsabtar farafin muhimmanci, domin duk mai reshen da ya kutsa, a ƙarshe wutsiyar omo zai zama.

1964 zuwa 1986: abin da ya biyo baya a kogin

Wa'adin 1 ga Oktoba 1964 ya cika, kamfanoni sun sauya zuwa sinadari mai miƙaƙƙiyar wutsiya, wanda ake kira LAS. A watannin farko kayan sun fito ta hanyoyi dabam-dabam: kakin da aka fasa, yuriya, da rariyar ziyolait. Da shekaru suka tafi rariyar ta mamaye, har ta zama hanyar da kusan duk farafin ɗin omo na duniya ke bi. Kamfanonin Amurka sun kammala nasu sauyin a tsakiyar 1965 ba tare da dokar tarayya ba, na Birtaniya ma a kusan lokacin. A 1973 ƙungiyar kasuwar Turai ta kafa ƙa'idarta.

LAS ya wuce ma'aunin kashi 80 da tazara. A tashar da ake hura iska yadda ya kamata, fiye da kashi 95 nasa yana ruɓewa. Awon sinadarin wanki a kogin ya sauka sosai cikin shekarun da suka biyo baya, duk da cewa cinikin omo ƙaruwa ya ci gaba da yi, kuma duwatsun kumfa suka daina taruwa a shingaye. A daidai wannan lokacin an kammala wata sabuwar babbar madatsa a kan ɗaya daga cikin rafukan da ke ciyar da kogin a 1965, an kuma ci gaba da faɗaɗa tashoshin dagwalo.

Wata matsalar ta fito fili bayan wannan. Omo yana ɗauke da fosfet mai yawa don laushin ruwa, fosfet kuwa taki ne, yana haifar da gansakuka a tafkuna. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ziyolait nau'in A mai sodiyam, wanda ke kama kalsiyam daga ruwan wanki. Kamfanin Henkel ya fara sa shi a omo a 1976, a 1986 ya fitar da omonsa Persil maras fosfet.

Hukunci

Fesa ruwa da man kashe kumfa sun gaza ne saboda ba su taɓa ƙwayar TPS ba, ɓoye alamarta kawai suka yi na ɗan lokaci. Sabuwar madatsa da ƙarin tashoshi sun taimaki kogin, kuma ba daidai ba ne a hana su rabonsu, amma tashoshi irin waɗannan ne TPS ya riƙa ratsawa shekara goma. Sauyin wutsiyar ne ya ba su abin da za su iya ci.

Dokar 1961 ta yi aiki saboda ta sa lamba, ta sa rana, ta ba da hanyar awo da ba a musu a kanta, ta bar wa masana'antu zaɓin hanya. A ganina, da babu hanyar samun miƙaƙƙen farafin da araha, da an matsa wa gwamnati ta ɗage wa'adin ko ta sassauta lambar. Haka kuma ziyolait 5A ya yi shekara goma a kasuwa kafin 1964, ba a gina manyan masana'antun kananzir a kansa ba sai da aka san akwai mai saye dole.

Tsakanin hanyoyin rarrabewar, tafasa ta gaza domin zafin tafasa take aunawa, bakteriya kuwa siffa suke dubawa. Yuriya da ziyolait duka siffa suke aunawa. Ziyolait ya yi galaba saboda ƙofofinsa a gine suke sau ɗaya, ba a rushe su a sake ginawa a kowane zagaye, kuma dabarar Broughton da Gerhold ta sa aka ci moriyar tafiyarsa ba tare da an motsa shi ba. Ribar makamashin ma daga nan take: an mayar da tafasar da ba za ta yiwu ba zuwa tafasa mai sauƙi. A 1971 aka yi amfani da wannan dabara wajen ware sinadarin da ake yin zaren foliyesta da robar ruwan sha da shi daga 'yan uwansa masu tafasa daf da juna.

Nasarar tana da iyaka. LAS yana buƙatar iskar shaƙa kafin ya ruɓe, a lakar da ba iska yakan daɗe. Mai rassan kuma an ci gaba da sayar da shi shekaru da yawa a ƙasashen da ba su yi doka ba. A Najeriya, sashen sinadarai na matatar Kaduna da aka buɗe a 1988 an gina shi ne a kan wannan jerin, rariyar Molex sannan Pacol, don samar da tan 30,000 na sinadarin omo mai miƙaƙƙiyar wutsiya a shekara daga kananzir ɗin matatar, ko da yake ya shafe shekaru ba ya aiki. Rabin maganin da aka yi a Jamus, wato wutsiyar da bakteriya ke iya ci, ya iso kasuwanninmu a cikin ledar omo. Ɗaya rabin, tankin da ake hura wa iska kafin ruwan wanki ya isa kogi, mafi yawan garuruwanmu ba su da shi, ruwan daga kwata yake wucewa rafi kai tsaye.